Kyanwa a Makarantar Tsuntsaye

Seu Aderbal mutum ne mai son asali. Ba asalin mutane ba, wannan bai dame shi ba. In ka tambaye shi sunan kakansa na wajen uwa sai ya yi ta sosa ƙeya. Amma ka kuskura ka tambaye shi labarin Tenente, ɗan tsuntsun waƙar nan da ake kira kuriyo, mai baƙin baya da jan ƙirji, da ke rataye a barandarsa, to nemi kujera. Zai faɗa maka ubansa, da uban ubansa, da garin da aka ƙyanƙyashe kakarsa, da gasar waƙar da kawunsa ya lashe, har kofinka ya huce. Tun da ya ajiye gyaran manyan motocin haya ya zauna a gida, kunnen da ya saba sauraren inji da shi ya mayar kan tsuntsaye kacokan. Keji uku gare shi, amma Tenente ne ɗan gaban goshi.

Matarsa Dona Zuleide ba ta ƙi tsuntsayen ba, sai dai tsuntsu ba ya hawa cinya. Tun da 'yarsu Rosilene ta kwashe yara ta bi mijinta São Paulo, gidan ya yi mata faɗi. Ta turara dambun masara da safe su ci su biyu, shi ya ɗauki keji ya fita shan iska da shi kamar yadda duk masu kuriyo suke yi, ita kuma ta zauna tana kallon kujeru. Kaɗaici ya ishe ta, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan ba.

Wata Asabar tana dawowa daga kasuwa ta bi ta gaban coci, sai ta tarar Cleonice ta baje kwanduna a ƙarƙashin rumfa. Cleonice ita ce mai gidan marayun dabbobi na bayan tashar motar garinsu Caruaru, mace mai ƙatuwar murya wadda ba ka raba rigarta da gashin kyanwa. Dona Zuleide ta tsaya ne don ta gaishe ta kawai. Amma a kwandon ƙarshe akwai wata 'yar budurwar kyanwa, jikinta ruwan madara, kunnuwa da hanci kamar an tsoma su a kofi, idanu shuɗaye, ƙafa ɗaya fara tas, jela kuma buzu-buzu da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ta miƙa mata yatsa, kyanwar ta goga kumatu a jiki ta lumshe ido. Shi ke nan, an gama da Dona Zuleide.

"Ki ji tsarinmu tun wuri," in ji Cleonice. "Gwaji ne. Ƙarshen wata zan zo gidanki da ƙafata in sha kofi in ga yadda take. In akwai ko mutum ɗaya a gidan da ya ce ba ya so, da ita zan dawo. Ba na barin 'ya'yana inda ake harararsu."

"Mu biyu ne kawai a gidan."

"Na biyun ya yarda?"

"Zai yarda," Dona Zuleide ta ce, da ƙarfin halin da ba ta san inda ta aro shi ba.

Tun a hanya ta raɗa mata suna Cocada, don kalarta sak ta alewar kwakwa ce wadda ta ɗan ƙone a gefe.

Seu Aderbal yana baranda yana hura ƙaiƙayi daga abincin Tenente lokacin da ta shigo da kwandon.

"Mene ne wannan?"

"Baƙuwa muka yi."

"Zuleide, wannan kyanwa ce."

"Ashe idonka da sauransa, tsoho."

"Kyanwa a gidan kuriyo? Me ya rage kuma, ki gayyato shaho ya zo cin abincin rana?" Ya miƙe ya tsaya tsakanin kwandon da kejin. "Kin san ni. Ko gero ba ya shigowa gidan nan sai na san gonar da ya fito. Wannan wane ne ubanta?"

A nan ne bakin Dona Zuleide ya riga hankalinta.

"Ai ba irin na kan titi ba ce. Tana da asali. Dubi idanun nan da kyau. Cleonice ta ce jini ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba a gano ko wane iri ba ne tukuna."

Cleonice ba ta faɗi ko mai kama da haka ba. Amma Dona Zuleide ta shekara arba'in da mutumin nan, ta san inda yake masa ƙaiƙayi. Asali wanda ba a gano ba! Seu Aderbal ya goya hannu a baya, ya zagaya kwandon, ya sunkuya ya leƙa, ya sake zagayawa.

"Zuwa ƙarshen wata," ya ce. "In na gano asalinta, kuma asali ne na kirki, ta zauna. In ta fito 'yar kwararo, da bakina zan gaya wa matar nan ta ɗauke abarta."

Kafin sati ya zagayo, duk layin ya shiga binciken. Dona Marlúcia ta makwabta ta leƙo ta kan katanga ta rantse cewa 'yar Siyam ce, don uwar ɗakinta ta dā tana da irinta sak. Mai kawo tukunyar gas ya ce Siyam ba ta da jela haka, wannan jelar Farisa ce, ya gani a talabijin. Mai gidan burodi bai ma ga kyanwar ba amma ya yanke cewa Angora ce. Rosilene kuwa, da aka kira ta a waya, ta ce a daina wahala, akwai manhaja a wayarta mai gane irin kyanwa daga hoto. Aka tura hoton farko, manhaja ta ce Siyam. Aka tura na biyu tana hamma, ta ce kyanwar dajin Norway. Aka tura na uku ta dunƙule tana barci, manhaja ta ce ita ba ta ga kyanwa a hoton nan ba, burodi ta gani.

Seu Aderbal ya saurari kowa yana taɓe baki.

"Duk da ido kuke aiki, shi ya sa kuke shirme," ya ce. "Na sha ganin tsuntsu gashi luf-luf, ya buɗe baki ka ji kunya ta kama ka. Mu da kunne muke gane jini. Ku bar ni in ji muryarta."

Ya ja kujera ya zauna gaban Cocada, ya karkata kai, ya rufe ido. Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce. Da ƙyar, lokacin da aka buɗe firiji, ta saki wani ɗan kuka a shaƙe.

"Bel ɗin fanka ya saki," in ji shi, ya girgiza kai. "Wannan ba muryar gidan manya ba ce, Zuleide."

Dona Zuleide ta ɗauke kyanwar ta rungume. Ta riga ta saba da nauyin nan mai ɗumi a cinyarta bayan abincin rana, da 'yar ƙafar da ke taɓa mata diddige in tana yanka albasa. Yanzu tana da wanda za ta yi wa faɗa da safe, wanda kuma zai tare ta a ƙofa in ta dawo daga coci. Tunanin ta mayar da kwandon nan wurin Cleonice kawai yana sa ta rasa ɗanɗanon abinci.

Ana nan sai wata safiya Tenente ya tashi da nishaɗi. Rana ta fara taɓa baranda, ya buɗe maƙogwaro yana zuba waƙa, Seu Aderbal na zaune da kofinsa yana kaɗa yatsa. Cocada ta lallaɓo ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta kafa wa kejin ido. Haɓarta ta fara rawa, gashin bakinta ya miƙe, sai ga wani sauti yana fitowa, siriri, a jere, da sauri: ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ, ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ.

Seu Aderbal ya ajiye kofin a hankali kamar mai tsoron ya tashi jariri.

"Zuleide," ya ce da raɗa. "Zo. Kada ki ja takalmi."

Ta fito da ludayi a hannu. Tenente ya sake rerawa, Cocada ta sake amsawa, ƙarshen jelarta na bugun ƙasa.

"Kin ji? Amsa masa take yi! Dubi yadda take bin ƙa'ida, sai ya dire take ɗauka. Maryamu uwar Yesu! Na tsufa a duniya ban taɓa jin kyanwa mai waƙa ba. Wannan ba Siyam ba ce, ba Farisa ba ce. Wannan wani iri ne da ba kowa ya san shi ba."

Dona Zuleide ta dubi kyanwar, ta dubi mijinta. A gonar babanta ta tashi, inda kyanwowi suka fi kaji yawa. Ta sha ganin wannan rawar haɓa a ƙarƙashin ɗakin tattabaru, kuma ta san abin da ake sharewa a wurin daga baya. Ba waƙa ba ce. Yawu ne ya tsinke.

Ta buɗe baki, ta ga fuskar tsohon tana walƙiya, ta tuna ƙarshen wata.

"Lallai kam," ta ce. "Ikon Allah."

Daga ranar aka buɗe makaranta. Masu kuriyo sun san cewa ɗan tsuntsu, komai kyan jininsa, sai an ajiye shi kusa da gwani ya yi ta saurare kafin waƙarsa ta nuna. To haka Seu Aderbal ya tsara wa Cocada. Kowace safiya a ɗora ta kan kujera tana fuskantar Tenente. Aka hana kunna rediyo kada a ɓata mata kunne da waƙoƙin banza. Aka fara dafa ƙwai biyu maimakon ɗaya, kwaiduwa ɗaya ta malam, ɗaya ta ɗaliba. In ta yi ƙaƙ-ƙaƙ ɗinta ya jinjina kai ya ce ana samun ci gaba, in ta yi shiru ya ce tana haddacewa ne.

Dona Zuleide kuma ta buɗe tata makarantar a ɓoye. Kafin a fara darasi sai ta ja ɗalibar kicin ta ɗura mata kifin gwangwani har ta ture kwanon da kanta. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta fito baranda ta yi ta sharar wuri ɗaya, tsakanin kujera da keji, har a tashi. Simintin wurin ya fara sheƙi.

"Ke wai yaushe kika fara son waƙar kuriyo haka?" ya tambaye ta wata rana.

"Tsafta nake so, tsoho."

"Ki dai faɗi gaskiya, kunnenki ya fara buɗewa."

Ta ce to. Amma ƙaryar tana cin ta. Ba ta saba ɓoye masa komai ba, in ban da farashin labule, kuma ta san abin da Tenente yake a wurinsa. In wani abu ya sami tsuntsun nan, ba kyanwa kaɗai za ta rasa ba. Duk da haka, in yamma ta yi Cocada ta hau cinyarta tana gurnani, sai ta ce wa kanta gobe ma rana ce.

Lahadin da ta biyo baya ya ce lokaci ya yi da za a kai ɗaliba dandali. Can ne masu kuriyo suke haɗuwa bayan an taso daga cocin safe, kowa ya rataye kejinsa a sandar ƙarfe, a yi da'ira, tsuntsaye su yi ta gasa, tsofaffi su zauna shiru suna saurare kamar masu jin huɗuba. Ya sa ta ɗinka wa kwandon riga irin ta keji, fara mai igiya a wuya, don ba a fita da mawaƙi a buɗe iska ta buge shi. Ya ɗauki Tenente a dama, Cocada a hagu. Dona Zuleide, wadda ba ta taɓa taka dandalin nan ranar Lahadi ba, ta ɗauki jakarta ta bi bayansa tana addu'a.

"Compadre, sabon tsuntsu ka yi?" in ji Seu Tibúrcio, wani siririn tsoho mai hular kaba, uban baftismar Rosilene, shi ya sa suke kiran juna compadre, Dona Zuleide kuma comadre. "Wannan keji ko akwatin aure? Jimina ka sayo?"

"Ka dai wanke kunnenka, compadre. Yau za ka ji abin da ubanka bai ji ba."

Seu Tibúrcio ya juya ga Dona Zuleide. "Comadre, ke ma yau a nan? Lallai ruwa zai sauka."

Seu Aderbal ya ajiye kwandon a kan benci a tsakiyar da'ira, ya kwance igiya, ya yaye rigar da irin yangar da ake yaye wa zakaran gasa. Dandali ya ɗauki ihu.

"Kyanwa! Aderbal ya haukace!"

"Rufe ta, kai! Ka san nawa na sha wahala a kan tsuntsun nan?"

"Ku yi shiru ku saurara," ya ce, ya ɗaga hannu.

Cocada ta leƙo ta tsakanin sandunan kwandon. Ta duba dama, keji. Ta duba hagu, keji. Gaba da baya duk tsuntsaye ne, ƙanana, masu ƙiba, suna tsalle. A rayuwarta ba ta taɓa ganin arziki irin wannan ba. Idanunta suka yi baƙi wuluk, haɓa ta kama rawa, ta saki ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ mai tsawon da ba ta taɓa yi ba, ta ja numfashi ta ƙara, har da wani ɗan siririn kari a ƙarshe.

Tsuntsayen dandalin suka yi tsit gaba ɗaya. Kowanne ya maƙale a can saman sandarsa, gashi a kwance.

A wurin masu kuriyo, in gwani ya rera sauran suka yi shiru, magana ta ƙare, an san wanda ya fi. Seu Aderbal ya juya ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Sun sallama."

Tsofaffin suka matso. Seu Tibúrcio ya cire hula ya sa kunne.

"Akwai tsari a ciki," ya ce a hankali. "Na rantse akwai tsari. Compadre, wannan jinin Masar ne. Kyanwowin Fir'auna ai a fada suke tashi, cikin makaɗa."

"Masar ɗin me?" in ji Seu Genival, wanda ya taɓa aikin hanya a kurmin Amazonas kuma bai bar kowa ya manta ba. "Jinin kyanwar daji ne. Can cikin kurmi na ji suna kwaikwayon tsuntsu, da kunnena. Kakarta ta fito daga daji, ka rubuta ka ajiye."

"Kai komai ka gani sai ka ce daga kurminka ya fito. Har matarka."

"Bar matata a ciki, ka dubi ƙafar nan fara. Kyanwowin Masar suna da farar ƙafa?"

"Ka taɓa zuwa Masar ɗin?"

"Kai ka taɓa wuce Recife?"

Ana wannan musu farar ƙafar da ake magana a kanta ta zuro ta ƙarƙashin murfi tana laluben sakata. Ba wanda ya lura sai Dona Zuleide. Ta zauna daf da kwandon, ta ɗora jakarta a kan murfin, ta ɗora gwiwar hannu a kan jakar, ta yi ta murmushi har kumatunta suka gaji. Seu Tibúrcio ya sunkuyo ya roƙe ta, don zumuncin da ke tsakaninsu, in an haihu a ajiye masa ɗa guda. Ta ce Allah ya kai mu, ba ta gaya masa cewa Cleonice ba ta bayar da dabba sai an yi mata aikin hana haihuwa ba.

A hanyar gida Seu Aderbal yana tafe kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Ita kuwa Dona Zuleide ba ta taya shi murna ba, don ƙarshen wata ya zo, kuma Cleonice ba ta iya ƙarya ba ko da ta kwana tana koyo.

Cleonice ta zo da yamma, da kwandonta a hannu ko da za a buƙata. Dona Zuleide ta gasa kek ɗin rogo ta dafa kofi, ta so ta ja ta gefe ta yi mata raɗa, amma tsohon bai ba da fili ba. Tun daga ƙofa ya tare ta.

"Dona Cleonice, ban sani ba ko kin san abin da kika bayar. Zauna nan. Kada ki yi motsi."

Ya ɗora Cocada a kujerarta, ya yi wa Tenente fito. Malam ya rera, ɗaliba ta amsa, haɓa na rawa, jela na bugun kujera. Seu Aderbal ya harɗe hannu.

"To, faɗa mana. Masar ko kurmi?"

Cleonice ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta yi ƙoƙari, a gaskiya ta yi, har ta cusa kek a baki. Amma dariyar ta fi ƙarfinta, ta fashe har tana buga cinya, hawaye na zuba.

"Wayyo cikina! Seu Aderbal, ka yafe ni. Wace waƙa? Ai duk kyanwar duniya haka take yi in ta ga tsuntsun da ba ta iya kaiwa gare shi. Cewa take yi, da zan same ka da na karya kumallo!"

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Asalinta fa?"

"Asali? A cikin kwalbatin bayan kasuwar kifi na tsinto su, su huɗu. Ɗaya baƙi, ɗaya mai zane, ɗaya ja, sai ita. Uwarsu kowa ya san ta a kasuwa, ɓarauniyar kan kifi ce. Uba kuwa, ina jin kowanne da nasa. Wataƙila wani muzurun Siyam ya taɓa tsallake katanga a zamanin kakanni, shi ya bar mata idon. Ragowar duk Caruaru ce zalla."

Sai a lokacin ta lura ba mai taya ta dariya. Ta goge ido ta gyara zama.

Seu Aderbal ya juya ga matarsa.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Shi ne sharar?"

"Shi ne sharar. Da kifin gwangwanin da ka ce yana saurin ƙarewa." Ta sunkuyar da kai. "Na yi maka ƙarya, Aderbal, kuma na sa Tenente a haɗari. Ba ni da abin cewa. Ina son ta ne kawai."

 Ya tashi ya sauke kejin Tenente, ya sa masa rigarsa, ya shige da shi ɗakin baya ya rufe ƙofa. Suka ji yana ta motsi a ciki. Cleonice ta dubi kwandon da ta zo da shi, ta dubi Dona Zuleide.

"Kin san tsarina," ta ce a hankali. "In ya ce a'a…"

"Na sani."

Dona Zuleide ta shiga kicin ta ɗauko kwanon Cocada ta wanke, ta naɗe ɗan bargon da take kwanciya a kai. Kyanwar ta biyo ta tana goga jiki a ƙafarta, ita ba ta san an yi komai ba. Dona Zuleide ta kasa kallonta. Tana fitowa da kayan ta ci karo da shi a bakin ƙofa.

"Ina za ki da su?"

"Ka ce in ta fito 'yar kwararo…"

"Na san abin da na ce. Mayar da kwanon nan." Ya juya ga baƙuwar. "Dona Cleonice, waya nake so in kewaye rabin barandar nan da ita, daga ƙasa har rufi, da ƙofa mai sakata biyu. Tsuntsaye ciki, 'yar kasuwar kifi waje. Hakan ya yi a tsarinki?"

"Ya yi, har ya fi. Amma ka ce kana so da bakinka."

"Ina so. Kuma compadre Tibúrcio ba sai ya ji zancen kwalbati ba. A bar shi da Masar ɗinsa."

Cleonice ta rantse ba za a ji daga bakinta ba, ta ƙara yankan kek, ta ɗauki kwandonta wayam ta tafi tana ƙunshe dariya har bakin titi.

Dona Zuleide na tsaye da kwano a hannu ɗaya, bargo a ɗaya.

"Ba ta da asali fa," ta ce. "Kuma ba ta waƙa."

"Ita ba ta yi. Na yi kuskure a kanta, na yarda, kuma zan daɗe ina jin kunyarsa." Ya zauna a kujerar ɗalibar yana murza gwiwa. "Amma kunnena bai mutu ba, Zuleide. Tun ranar da Rosilene ta tafi kika daina waƙa a kicin. Ban ce komai ba, don ban san me zan ce ba. Tsuntsu in ya yi shiru na san dabarunsa, a canja masa wuri, a canja abinci, a kai shi rana. Ke kuwa na rasa ta inda zan kama. Sai ga abar nan ta shigo, kwana kaɗan na ji kin fara. Kullum yanzu, in kina yanka albasa tana gindinki."

"Ni? Ni ba na waƙa."

"Kina yi. Wadda kike yi wa Rosilene tana ƙarama in kina mata kitso." Ya gyara murya ya ɗan rera mata, da muryarsa ta tsohon makanike, har Cocada ta kwantar da kunne. "A wurinmu, in mawaƙi ya daɗe shiru sannan ya dawo, ba a taɓa komai a ɗakin. Ko tsinke ba a ɗagawa."

Dona Zuleide ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta, sai ta yi su tare, ta goge fuska da bargon kyanwar.

"Da daɗi kuwa?" ta tambaya.

Seu Aderbal ya karkata kai ya rufe ido, ya yi nazari da gaske, don ba ya wasa da irin wannan tambaya.

"Kina kauce wa kari a tsakiya," ya ce. "Tun muna saurayi da budurwa kike kauce masa. Kada ki gyara."